Matuƙin Jirgi a Bakin Boda

A bakin boda ta Magama, gaba kaɗan da garin Jibiya, babu mai kiran Nafi'u da sunansa. 'Yan dako da direbobi, har ma'aikatan kwastam, Kyaftin suke ce masa. Da farko sunan yana masa daɗi. Da shekaru suka fara turawa bai hau jirgin kowa ba, sai ya zama duk wanda ya kira shi haka kamar ya fama masa gyambo ne.

Kuma ba tsokana ba ce zalla. Matuƙin jirgin sama ne na gaske, da lasisinsa. Sai dai ƙananan jirage ya koya, masu farfela. Manyan da ke jigilar fasinja kowanne sai an yi wa mutum horo na musamman a kansa a ƙasar waje, horon da ya fi ƙarfin danginsu gaba ɗaya. Shi ya sa ya dawo gida, ya raɓu da Kawu Maharazu, yayan mahaifiyarsa, mutumin Maraɗi mai manyan motoci, yana fitar masa da kaya a wajen kwastam.

A farkon daminar nan wani kamfanin jirage ya nemi sababbin matuƙa, ya ce shi zai ɗauki nauyin horon. Nafi'u ya je Legas ya yi jarrabawa, ya shiga na'urar gwajin tuƙi ya fito jiƙe da gumi, aka ce ya ci, ya koma gida ya jira kira. Daga nan shiru.

A cikin shirun ne Kawu ya zo da tasa maganar. Abokin cinikinsa na Maraɗi yana neman wanda zai riƙe masa babban sito, aiki tsayayye, da gida. Kawu ya ba da sunan Nafi'u. An sa ranar zuwa Maraɗi, Nafi'u ya roƙa aka ɗaga. Aka sake sawa, ya sake roƙo. Yau Kawu ya ce ba sauran ɗagawa.

Da hantsi Nafi'u yana tsaye a inuwar wata mota da aka loda wa katan-katan na sabulu da taliya, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya ciro ta da sauri. Ba kamfanin ba ne. Zunnuraini ne, abokin karatunsa wanda suka ci jarrabawar tare, mazaunin Legas, mai kunne a ko'ina.

"Mutumina, na gano abin da ya tsayar da mu," in ji Zunnuraini. "Haraji ne."

"Harajin me? Mu da ko albashi ba mu fara karɓa ba?"

"Saurara mana. Akantocin kamfanin ne suka rabu biyu. Wasu sun ce kuɗin horonmu ɗawainiyar kamfani ce, kamar man jirgi, a cire shi kafin a yi wa kamfanin lissafin haraji. Wasu sun ce ba su da tabbacin hukuma za ta yarda da haka, tunda ilimin a kanmu zai zauna, muna iya tafiya da shi wani kamfanin. Wai ana iya ɗaukarsa kamar wani albashi aka ba mu. In haka ne kuwa, mu za a bi."

Nafi'u ya jingina da tayar motar. "To yanzu ina aka tsaya?"

"Yau manyan suke zama. Ko su fasa mu su ɗauko waɗanda suka riga suka yi horon, ko su kira mu. An ce in sun kira ba ka ɗauka ba, na bayanka za su nema. Kada ka kuskura ka rabu da wayarka yau."

Yana kashewa ya dubi hanyar arewa. Da an wuce Ɗan Isa, a cikin Nijar, layin wayar Najeriya mutuwa yake, kowa ya sani.

Ya tarar da Kawu a rumfar mai shayi, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo a kan benci. Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya kwashe labarin ya faɗa masa, yana ta neman kalmomin da ba za su zama kamar wani sabon uzuri ba.

Kawu ya ajiye kofinsa. "Tsaya in gane. Mu nan, duwan, kwastam ke nan, kan kayan da ta gani cikin mota taka amsar kuɗi. Su can, abin da za a zuba ma cikin kai za a yanka ma haraji?"

"Kusan haka ne, Kawu."

"To Allah shi kyauta." Ya juya baki cikin harshensa na Maraɗi, wanda yake ƙara kauri in ransa ya ɓaci. "Nafi'u, mutumin ga sau biyu ina ba shi haƙuri. Ni da shi mun yi shekaru ba a taɓa jin na faɗi magana ta tashi ba. Matarka ciki gare ta. Mi za ka ba ta in ta sauka, lasisi? In an yi Azahar muna ƙetarawa, kahin ruwan ga shi sauko."

Nafi'u ya ɗaga kai. Gabas ta haɗe, hadari ya yi gini tun daga ƙasa, kansa ya baje. An koya masa irin wannan hadarin a aji, an ce matuƙi ya kewaye shi ko da man jirgin zai ƙare.

Ya koma bayan rumfar ya kira matarsa Mutmainna, wadda ke koyarwa a wata firamare a Gangara. Yana jin hayaniyar yara a bayanta.

"Ke me kika gani?" ya tambaye ta bayan ya gama bayani.

Ta ce, "Maraɗi akwai kwanciyar hankali, ba zan ɓoye maka ba. Ina so in haihu na san inda tukunya za ta ɗoru. Amma na san ka, Malam. Duk jirgin da ya wuce sai ka bar cin abinci ka fita tsakar gida. Ka zaɓi abin da ba za ka riƙa huce haushinsa a kaina ba nan gaba."

"Ba ki taimake ni ba."

"Na sani. Kashe wayar, kada su kira su ji kana magana."

Haka ya wuni da waya a tafin hannu. Ya kai takardun motoci ofishin kwastam, ma'aikacin ya yi masa tambaya har ya maimaita bai ji ba. Ya sayi fura ya kasa sha. Sabis yana zuwa yana ɗaukewa, sai ya riƙa zagaye filin yana ɗaga wayar sama, 'yan dako suna ce masa, "Kyaftin, jirgin kake nema?" A masallaci ya sa ta a aljihun gaba, ya idar da sallah bai san surar da ya karanta ba.

Ana fitowa iska ta taso. Ta zo da ƙarfi lokaci guda, ta kwashi ledoji da kwanukan masu abinci, ta fizge tamfol ɗin motar sabulu ta gefe ɗaya. Direban ya kwarma ihu. In ruwa ya taɓa katan ɗin nan kayan sun tashi aiki. Nafi'u bai tsaya tunani ba, ya kama igiya ya haye saman lodin tare da wasu mutum biyu. Tamfol ɗin yana dukansu a fuska, suna ja yana ƙwacewa. Yana rub da ciki, hannuwansa biyu a naɗe da igiya, ya ji wayar tana rawa a ƙirjinsa.

In ya saki, tamfol ɗin ya tafi, wataƙila har da mutumin da ke riƙe da ɗaya bakin. Ya ce a ransa bari a ɗaure wannan kusurwar kawai. Wayar ta yi ta rawa, ta yi ta rawa, ta tsaya.

Da aka ɗaure ya zauna a saman kayan ya duba. Lambar Legas ce, ta ofis. Ya bi kiran, aka ce layin yana aiki. Ya sake, haka. Wato suna magana da wani.

A ƙasa an ɗaga sandar shinge, motocin sun tayar. Kawu ya leƙo daga ƙaramar motarsa, ya buɗe ƙofar baya ya bar ta a buɗe.

Nafi'u ya sauko ya je ya durƙusa a gefen tagar. Yayyafi ya fara sauka.

"Sun kira?" in ji Kawu.

"Sun kira ban samu ɗauka ba."

"To ai shi ke nan. Shigo."

"Kawu, ku yi mani haƙuri. Wataƙila su sake kira."

"Wataƙila." Kawu ya daɗe yana kallonsa. "Kan wataƙila za ka kunyata ni gaban mutane?"

Nafi'u ya sunkuyar da kai. Kawu ya miƙa hannu baya da kansa ya ja ƙofar ya rufe, ya ce wa direba su tafi. Nafi'u yana nan durƙushe har motar ta wuce shingen, aka sauke sandar.

Ruwa ya kece. Ya fake a barandar wani shagon canjin kuɗi tare da mutane da yawa, ya juya wa iska baya, ya rufe wayar da hularsa. Yanzu babu Maraɗi, babu Legas. Ya fara shirya yadda zai faɗa wa Mutmainna, duk yadda ya jera maganar sai ta rushe.

Ruwan ya fara tsagaitawa wayar ta sake ƙara. Ya ɗauka tun kafin ta gama bugun farko.

"Malam Nafi'u? Sunana Fatimatu, daga ofishin ɗaukar ma'aikata. Na kira ɗazu."

"Ranki ya daɗe, ina saman mota ne, iska ce ta..."

"Ba komai. Ban cika sake kira ba, amma na ga ka yi ta nema. Ga abin da aka yanke. Kamfani zai tura ku horon. Sai dai har a samu tabbaci daga hukumar haraji, za a ɗauki kuɗin horon a matsayin wani ɓangare na abin da aka biya ku, a riƙa cire harajinsa daga albashinku a hankali. In daga baya aka ce ba haka ba ne, a mayar muku. Wasu sun ce ba za su iya ba. Kai fa?"

Ya toshe ɗaya kunnen saboda ƙarar kwano. "Me zai rage mani a wata, Hajiya?"

"Gaskiya ba zan iya faɗa maka ba, akantoci ba su gama ba. Zai yi ƙasa sosai, musamman shekarun farko. Kuma zaman Legas ne."

"Zan iya yin shawara zuwa gobe?"

"Yau zan miƙa sunaye."

Ya dubi filin. Ruwa ya malale shi ja wur, wani ɗan dako yana tsallakawa da buhu a ka, wandonsa a naɗe. Ana so ya amince da abin da mai tambayar ma ba ta san iyakarsa ba.

"Na yarda," ya ce.

"Ka tabbata? Ban ji ka sosai ba."

"Na yarda, Hajiya. A sa sunana."

Ya zaci zai ji daɗi. Amma sai kawai ya zauna a kan dakalin shagon, mai canjin ya miƙo masa ruwa a leda ba tare da ya tambaye shi komai ba.

Siton Maraɗi a makon nan aka ba wani. Kawu ya daina ɗaukar wayarsa, gaisuwa ma sai ta bakin mahaifiyar Nafi'u take isa, ba ta dawowa. Bayan watanni biyu kamfanin ya aiko da tikiti, maganar harajin kuwa har ranar ba a warware ta ba. Mutmainna ta koma gidan iyayenta da tsohon ciki, don ba za a iya riƙe hayar gida biyu ba.

Ranar tafiyar ta rako shi tashar motar Katsina, tana tafiya a hankali, hannu ɗaya a ƙugu. Ya shiga ya zauna a bakin taga, jakarsa a cinya.

"In an tashi suna ba ka nan, wa zai raɗa?" ta tambaya.

"Ki aika wa Kawu. Ko bai amsa ba, ki aika."

"In bai zo ba fa?"

Kwandasta ya buga ƙofa, motar ta ja.