Na Bakwai Cikin Masu Tsaron Baya

Ni dai har yau ban iya dokokin hokin ƙanƙara ba, kuma na daina yin kamar na iya. Abin da na riƙe ɗaya ne: masu tsaron baya shida ake sa wa kaya a kowane wasa, Longji Katung kuwa shi ne na bakwai.

Aikin na bakwai ba shi da wahalar bayani. Da safe ya yi atisaye har gumi ya jiƙa shi, da yamma ya sa kwat ya hau can saman filin ya zauna kusa da 'yan jarida yana cin gugguru. Ba ya shiga sai ɗaya cikin shidan ya ji ciwo. Koci ya riga ya faɗa masa, cikin fara'a irin ta mai yanke wa mutum wuta, cewa in kakar wasanni ta ƙare ba a ga wasansa ba, ba wanda zai sabunta masa kwantiragi.

To, ga inda gizo ke saƙar. Longji a gidan iyayensa yake kwana, a garin Bowie, kuma a gidan Katung ba a fita sai an yi addu'ar safe. Mahaifiyarsa Constance nas ce, ta ga karaya iri-iri, don haka kullum sai ta bi 'yan wasan da suna.

"Ya Uba, ka tsare gwiwar Desmond. Ka tsare kafaɗar Martins. Kada ko farcen ɗayansu ya karye."

"Amin," in ji Baba Katung, da muryar da ake ji har gareji.

Longji yakan motsa leɓe kawai.

"Ban ji naka ba," ta ce wata safiya, idonta ɗaya a buɗe.

"Na faɗa, Mama."

"Wa ka faɗa wa? Kafet?"

Ya ce amin. Me zai ce? Ya roƙi uwarsa ta ɗan sassauta wa gwiwar mutum? Desmond ɗin ma shi ke rage masa hanya in motarsa ta ƙi tashi. Ya taɓa gwada yi wa Baba bayani da Turancinsa, Baba ya saurara har ƙarshe, ya amsa da Hausa.

"Wato kana zaune a sama da manya, cikin kwat, ana biyanka, haƙoranka cif. Ni shekara nawa na yi ina neman irin wannan aikin?"

Addu'ar Constance kuwa kamar da ita aka buɗe sama. Sauran ƙungiyoyi na ta kwasar 'yan wasa zuwa asibiti, nasu shidan ko mura. Kwat ɗin Longji ya fara sheƙi a gwiwar hannu.

Ana saura kaɗan kaka ta ƙare, wani ƙato ya haɗa Desmond da bango, gwiwa ta tafi. Longji na sama ya ga an fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Ya ji tausayi, da gaske ya ji. Ya kuma lura ƙafarsa na rawar murna a ƙarƙashin tebur, ya danne ta da hannu.

Washegari Constance ta ƙi karya kumallo.

"Jiya na yi sauri, ina da aikin safe. Ban tsaya a kan gwiwar nan yadda ya kamata ba."

"Ba laifinki ba ne, Mama."

"Kai me ka sani? Amin ɗinka ma sai an roƙa."

Baba ya kira mutanen coci ya ce kowa ya nemi tikitin wasan Asabar. Longji ya kai takalmansa na gudu kan ƙanƙara aka wasa ƙarfen ƙasansu, ya naɗe sandarsa da sabon tef, ya aika wa Desmond saƙon sannu, ya goge, ya sake rubutawa.

Desmond a gefen dama yake tsaro. Longji ɗan gefen hagu ne. Ranar Juma'a aka kira wani yaro ɗan gefen dama daga ƙaramar ƙungiya ya maye gurbin Desmond.