Amaryar Ɗan'azumi Ta Yi Shiru

Shi ya fara gani. Kafin uban da yake likita, kafin uwar da ke neman digiri na uku, kafin Baturiyar makaranta, Ɗan'azumi ne ya fara ganin yarinyar nan ba ta magana. Ranar da ya sauka Birmingham ya gani, ko hular sanyin da aka ƙaƙaba masa a filin jirgi bai cire ba. Ya shiga falon ɗansa Taufiq a unguwar Balsall Heath, ya tarar da jikarsa kwance rub da ciki a kan kafet, hasken kwamfutar hannu ya mai da fuskarta shuɗiya.

"Amarya! Angonki ya ƙetaro teku, ba ko sannu da zuwa?"

Shifa ba ta ɗago ba. Shekararta huɗu da 'yan watanni.

"Kunya take ji, Baba," in ji Taufiq yana jan akwati. "Kuma abin karatu ne take kallo, ABC ne."

Ɗan'azumi bai taɓa zama a aji ba, amma ya tsufa a kan sitiyarin tirela tsakanin Kano da Ikko. Sau nawa aka zaro shi daga ƙarƙashin mota ana salati, ya miƙe ya karkaɗe riga? Kwalara ta kama shi a Jebba ta sake shi. 'Yan fashi sun kwantar da shi a dajin Birnin Gwari, suka gaji suka tafi. Mutumin da ke gane ciwon inji da kunne, shi za a koya wa bambancin kunya da shiru?

* * *

Dalilin kawo shi ba ɓoyayye ba ne. Hajar, matar Taufiq, tana da ɗaki a Fallowfield, can Manchester kusa da jami'arta. Ta tafi Litinin, sai Juma'a. Taufiq kuwa asibiti ya cinye shi, in ya dawo ido ne kawai a buɗe. Ana bukatar wanda zai kai Shifa makaranta ya ɗauko ta, kuma wa ya fi kaka arha?

Hajar ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta kafa masa doka cikin ladabi.

"Baba, don Allah a ɗan rage mata Hausa. Phonics suke yi yanzu, koyon sautin haruffan Turanci, kada ta rikice."

"To da wane bakin zan yi mata, 'yar nan? Ɗaya Allah ya ba ni."

"Ai akwai app, Baba. Ku danna mata nan kawai."

Ya danna. Kada a yi masa ƙarya, ya danna ba sau ɗaya ba. Duk ranar da sanyi ya shiga gwiwarsa, ko ya ji marmarin tura wa tsofaffin abokansa na tasha saƙon murya cewa jikarsa tana zuba Turanci kamar rediyo, sai ya miƙa mata abin, gida ya yi lafiya. Jakar makarantarta tana dawowa da ɗan littafi mai hotuna, ta koma da shi washegari ba wanda ya buɗe. Shi ba ya karatu, masu karatun kuma ba sa nan.

A ƙofar makaranta malamar ajin, Miss Bethany, ta fara tare shi. Yarinya ce siririya mai jan gashi, ba za ta girmi autarsa Raki ba. Ta yi magana mai tsawo, ta nuna bakinta, ta nuna Shifa, ta kara hannu a kunne kamar mai waya. Turancinta ba irin na 'yan sandan hanya ba ne da ya saba ja-in-ja da su. Wannan ta hanci yake fita, ba birki. Ya tsinci "dadi", ya tsinci "mami", sauran ya wuce shi kamar motar da ba ta tsaya ba.

Ɗan'azumi ya ce wa sa'ar 'yar cikinsa bai gane ba? A gaban matan Somaliya da na Pakistan da ke tsaye da kekunan jarirai?

"Yas, madam. Tankiyu, madam."

Da yamma Taufiq ya tambaya yana ɗaura takalmi, "Malamar ta ce wani abu?"

"Ta ce jikata babu irinta a ajin."

Haka aka yi ta yi. Ita ta nuna baki, shi ya ce yas madam. A ransa ya san abin da take nufi, ai shi ya riga ta gani. Amma ya faɗa wa ɗansa tun ranar farko an ce masa kunya ce. To, zai gyara abinsa da kansa, su wayi gari su ga aikin direba.

* * *

Ya daina bi da ita ta gajeriyar hanya. In an tashi sai su hau bas mai bene, su zauna a kujerar gaba ta sama, inda titi yake shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafarsu. A nan babu Hajar, babu doka.

"Kin ga waccan? Tanka ce, mai take ɗauka. Waccan tifa ce, ta yashi. Direbanta ragon banza ne, dubi yadda ya sha kwana. Da ni ne, amarya, da hannu ɗaya zan shige da ita."

Kwanaki yana zuba shi kaɗai, fasinjoji suna waiwayen tsohon da ke faɗa da gilashi. Ran nan ana yayyafi, wata babbar mota ruwan ɗorawa ta tsaya a gefensu a danja. Shifa ta manna tafin hannunta a taga.

"Tifa," in ji ta.

Muryar 'yar ƙarama ce, a dushe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ɗan'azumi ya yi kabbara har direban bas ya leƙo ta madubi.

Ranar Asabar ya tara iyayen a falo. Ya kashe talabijin, ya zare kwamfutar daga hannun yarinyar, ya gyara zaman hula.

"Yau za ku ga abin da digirinku bai yi ba. Amarya, gaya musu. Mece ce mai ɗaukar yashi?"

Shifa ta dubi kafet. Ta dubi hannunsa da ke riƙe da abinta. Sai ta buɗe baki ta tsala ihu, ihun da babu kalma a cikinsa, tana dukan ƙasa da dunduniya. Hajar ta karɓi kwamfutar ta mayar mata. Shiru ya dawo nan take.

"Baba, kun gani ko? Ku bar ta kawai," in ji Hajar.

* * *

Da malamar ta gaji da yas madam, sai ta sa ofishin makaranta ya yi ta kiran Taufiq har ya ɗauka. Hajar ta biyo jirgin ƙasa daga Manchester a tsakiyar mako. Aka zaunar da su uku a kan kujerun yara, gwiwar Ɗan'azumi tana neman taɓa haɓarsa. Bai ji abin da aka ce ba. Ya dai ga malamar ta nuna shi da buɗaɗɗen hannu, ya ga wuyan ɗansa ya sunkuya, ya ga Hajar tana murza zoben hannunta.

A mota, da suka wuce masallaci, Taufiq ya fara.

"Baba, ta ce tun farkon term take ba ku saƙo."

"Ni na fara gaya maka. Ran da na sauka na gaya maka."

"Ta ce ba ta magana da kowa, ba ta iya riƙe fensir ba, ba ta—" Taufiq ya haɗiye sauran.

"To me ta ce a yi?"

Hajar ce ta amsa daga baya. "Wai a zauna da ita. A yi mata hira, a buɗe littafi tare, a bar ta ta taya aikin kicin tana ƙirga cokula. Kullum. Wai ko da wane yare ne." Ta yi wata dariya marar daɗi. "Yaushe? Ni da ke da deadline na miƙa aikin digirina a watan gobe? In scholarship ɗin ya ƙare ban gama ba, wa zai zauna da ni?"

"Ni ma ba wasa nake zuwa yi ba, Hajar."

"Ban ce wasa kake ba. Amma asibitinka nan ne, ni ina wani gari."

Suka yi ta jefa wa juna yarinyar har gida, ita kuwa tana zaune a kujerarta ta baya da wayar uwarta a hannu.

Kafin mako ya zagayo an sami mafita. An sayo sabuwar kwamfuta mai faɗi, an yi rajistar wata malama da za ta riƙa koyar da Shifa magana ta cikinta, an sa ta a wurin renon da ke riƙe yara bayan an tashi. Shi kuma Ɗan'azumi aka ce sanyin Birmingham ya yi wa gwiwarsa yawa, gara ya ƙarasa sauran kwanakin bizarsa a wurin Raki a Moss Side, can Manchester. Kamar Manchester a Sakkwato take.

* * *

A kicin ɗin Raki, da hantsin wata Lahadi, ya sa aka kira masa Birmingham ta bidiyo. Hajar ta gaishe shi, ta jingina kwamfutar a gaban Shifa, ta koma kan aikinta.

Yarinyar ta dube shi. Ido cikin ido, ba ƙiftawa. Duk zaman da ya yi a gidan ba ta taɓa yi masa irin wannan kallon ba. Sai yau da ya shiga bayan gilashi.

"Amarya! Kin gan ni? Ni ne, angonki. Bari in ba ki labarin ranar da birkina ya tsinke a gangaren—"

Ɗan yatsanta ya taso, ya yi girma har ya rufe fuskarta. Ya goge shi sama, yadda ake ture abin da aka gaji da kallo. Wayar ta yi baƙi. A cikinta babu kowa sai wani tsoho da baki a buɗe.

Raki ta juya ga tukunyarta, ta rage wuta.

Ɗan'azumi ya kife wayar a kan tebur, ya tura ta tsakiya da yatsa biyu. Har yanzu tana nan, lambar ma tana ciki. Duk wanda yake ganin tsoho ya ƙara gishiri, ko yake jin ya fi shi baki, bismillah, ya ɗauka ya kira. A ga ko shi za a bar shi ya kai ƙarshen gangaren.