Ranar da Ƙararrawar Ƙofata Ta Makance

Ni ban ce a maƙala min ido a ƙofa ba. Ɗana Ja'afaru ne da ya zo sallah daga Fatakwal ya ce tunda na ƙi barin Gwarzo, zai saka abin da zai riƙa nuna masa duk mai shiga gidana. Ya kira Taufiq mai gyaran wuta, aka huda min bango, aka jawo waya daga zaure, aka liƙa wata 'yar ƙararrawa mai kyamara a gefen ƙyaure. In tana aiki, wata shuɗiyar fitila ce ke kamawa a jikinta. Aka ce ko ɓera ya gifta sai ta ɗauke shi.

Ɓera ban sani ba, amma rago guda ya fita ta ƙofar nan ba ta gan shi ba.

Ragon sunan jikata ne. 'Yata Uwaliya ta haihu, na ce kada mijinta ya wahala, ga wanda na kiwata da hannuna, dusa da harawa ba fashi. Ana gobe suna na tafi duba mai jego da safe, na dawo na tarar da turke kawai. Na kira Ja'afaru, ya ce, "Inna, abin a mace yake tun safe, ba ya nuna komai."

Ko ruwa ban sha ba na nufi shagon Taufiq.

"Kai, fito! Jabu ka liƙa min don ka ga ban yi boko ba?"

"Inna, barka da rana, ya gida..."

"Riƙe gaisuwarka. Ko ka fito min da fuskar ɓarawo, ko mu haɗu gaban mai unguwa."

Ya ɗauko jakarsa ya biyo ni, mutane na kallo. Ya duba batirin sola, ya ce cike yake. Ya bi waya da ɗan ma'auninsa tun daga ƙofa, babu inda ta yanke. Sai da ya durƙusa bayan buhunan masara a zaure ya ɗago kan wayar a ƙasa.

"Inna, ai zare ta aka yi. Duba soket ɗin ma, har ya saki saboda yawan cirewa da mayarwa. Wa yake taɓawa?"

"Ni kaɗai ce a gidan nan. Ko aljanu za ka ce?"

Ya ce in ba shi wayar hannun da Ja'afaru ya bar min, wadda amsa kira kawai na iya da ita. Ya latsa, ya latsa, sai ga ƙofar gidana a ciki. Kowace safiya abu ɗaya: mace ta taho da bokiti, ta rufe fuska ruf da mayafi, ta shiga zaure, hoto ya ɗauke.

Salati na saka. Hauwa ce, maƙwabciyata. Mijinta Malam Ubaidullahi ya rasu, tana cikin takaba, gidansu kuma ba rijiya. Ni da bakina na ce ta riƙa zuwa jan ruwa in maza sun watse gona. Na ƙwala mata kira ta katanga. Ta zo ta tsaya bayan ƙyaure don kada Taufiq ya gan ta.

"Hauwa, ke ce ke kashe min abu?"

Ta fashe da kuka. "Inna, takaba nake. An ce duk wadda ta wuce, Ja'afaru na kallonta daga can. In na ɗauko ruwa hannu biyu, da me zan riƙe mayafi? Shi ne nake zarewa, in na gama kai-kawo in mayar. Yau tukunyata ce ta kama, na tsaya a gida, na manta."

"Ƙofar fa?"

"A buɗe na bar ta."

Bakina ya cika da zagi amma babu inda zan sauke shi. Sai Taufiq ya ce, "Inna, tsaya. Wane ne wannan a gindin darbejiya?"

Ya ja hoton da yatsu biyu ya girma. Wani mutum ne a tsaye can gefe, idonsa a kan ƙofata. Shekaranjiya yana nan, jiya yana nan. Yau kuwa har da igiya a naɗe a hannunsa. Jira yake shuɗiyar fitilar ta mutu.

Na zauna daɓas a kan buhu. Nata'ala ne, ƙanin marigayi mijina, da ke zaune a Dugabau ta ƙasar Kabo. Yaron da na tarar yana yawo ba wando lokacin da aka kawo ni gidansu. Ni na riƙa yi masa wanka, ni na ɗura masa magani da ya yi ƙyanda.

Taufiq ya ce mu kai wa mai unguwa hoton. Hauwa ta ƙara kuka, wai yanzu a zauren maza za a yi ta kallonta.

"Yi min shiru," na ce. "Ba wanda zai kalle ki. Taufiq, je ka ɗauko mashin ɗinka, Dugabau za mu."

Ban yi sallama a gidan Nata'ala ba. Tun daga waje na ji kukan ragona, yana ɗaure bayan rumbu an kare shi da zana. Mai gidan ya fito da lomar tuwo a hannu.

"A'a, Yaya! Ke ce da rana tsaka? Sannu da..."

"Uban wa ya ba ka ragona?"

Ya haɗiye lomar da ƙyar. "Yaya, ai daga tunkiyar marigayi ya fito. Ina da gado a ciki."

"Gado? Mutum ya bar ɗa namiji, ƙani ya ci gadonsa? Wane malamin ya karantar da kai? Kuma gadon ne ake ɗauka a ɓoye, ana fakon matar da ke takaba?"

Matarsa ta leƙo ta koma. Maƙwabta suka fara taruwa a ƙofa. Ya rage murya.

"Don Allah Yaya ki rufa min asiri. Ɗauki abinki, zan turo yara su kai miki."

"Yara suka kawo shi?"

Na nuna masa ragon.

"Kwance shi. Kai za ka ja shi har bakin titi."

Haka aka yi. Shi a gaba da igiya, kansa a ƙasa, rago na tirjewa, Taufiq na tura mashin a gefe. Ni ina baya. Duk wanda ya ce, "Inna, lafiya?" sai na tsaya na gaya masa, tun daga farko, ban rage komai ba.