Ranar da Na Shayar da Gonar Yaya

Ni na huda bututun da hannuna. Yaya ce ta shigo shagona da guntun bututun roba, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, ta ɗora shi a kan injin da nake kwancewa.

"Auta, huda min rabinsa na ƙasa, kamar rariya."

Shekarata arba'in da biyu, 'ya'yana huɗu, duk mai injin ban-ruwa Sifana yake kirana saboda ni ke gyara masa, amma a bakin Yaya har gobe Auta ne. Na huda.

Tun da mijinta ya rasu ita ke noma gonarsa ta shinkafa. Filin na ƙungiyar masu ban-ruwa ne, Ciyaman kuwa ya daɗe yana ganin ya fi ƙarfin mace. Da ya ji za ta bi wata dabara da malamar gona ta koya mata, sai ya yanke mata magana a gaban jama'a: in ta gaza buhu sha takwas ɗin bara, baɗi filin na wani ne. Ta ce ta ji.

Dabarar ba ta da wuya. Ta kafa bututun a tsakiyar gona, ta kwashe lakar cikinsa, ta ja layi a ciki, tsawon tafin hannu ƙasa da fuskar ƙasa. Maimakon shinkafa ta kwana ta wuni cikin ruwa, sai a bar ruwan ya janye. Sai ya sauka kan layin a sake tayar da inji.

Na tambaye ta amfanin wannan wahala. Ta ja ni gonar maƙwabcinta, ta caka sanda cikin laka, sai ga kumfa ɓul-ɓul.

"Ka gani? Gona ce ke tusa."

Na yi dariya har da riƙe ciki.

"Yi dariyarka. Laka in ta daɗe a nutse ba ta shan iska, sai ta riƙa fitar da gas mai ƙara wa duniya zafi. In ta bushe ta sha iska, ya ragu. Ga man da ba zan ƙona ba."

"Yaya, da guntun bututu za ki sanyaya duniya?"

"Nawa kason dai zan rage."

Da ƙasar gonarta ta fara tsagewa, sai bencin shagona ya zama majalisar gulma. Wannan ya ce, "Sifana, kai ke gyara injin kowa, gonar 'yar'uwarka na mutuwa da ƙishirwa?" Wancan ya ce, "Ko mai ne ya gagare ta, mu yi mata karo-karo?" Ni mutum ne mai zuciya a kusa, kuma maganar ta ƙona ni. Ranar da ta tafi kasuwa na ɗora injina a babur, na ja tiyo, na cika gonar fal. Na zauna a kan kunya ina jiran godiya.

Ta dawo, ta tsaya, ta daɗe tana kallon ruwan.

"Wa ya yi min wannan?"

"Ni ne, Yaya."

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. A hankali ta ce, "Da safen nan saura yatsa biyu ruwan ya kai layi. Saiwar tana cikin danshi, saman ne kawai ya bushe. Ciyaman ya raina ni, bai dame ni ba. Amma kai, Auta, ko leƙa bututun ka yi?"

Ban leƙa ba. Ni da na huda shi!

"Yanzu ko na cika buhunan, cewa za a yi ƙanena ne ya cece ni."

Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na ɗauki fartanya na fasa kunyar gonar, ruwan da na sha wahalar zubawa ya bi magudana ya tafi. Na koma majalisa na faɗa musu da bakina cewa ɓarna na yi.

Daga ranar na zama mai gadin bututu. Kullum da safe sai na durƙusa na leƙa kafin in buɗe shago. Mutum biyu na kora da suka zo da tiyo da tausayinsu. Da shinkafa ta fara fure, Yaya da kanta ta riƙe mata ruwa har ta cika ido, domin lokacin ba a wasa da ita.

Ranar awo Ciyaman ya zo da wuri. Ya ƙirga buhunan, ya sake ƙirgawa, ya cusa hannu cikin uku yana neman ƙaiƙayi. Sha tara ne. Jarkar mai kuwa takwas ta ƙona, inda bara ta ƙona sha biyu. Ya gyara hula ya tafi.

Bayan kwana uku sai ga shi a shagona da wani abu a naɗe cikin buhu. Ya waiga hagu da dama.

"Sifana, ɗan huda min wannan."

"Huji dai na iya, ranka ya daɗe. Inda ake jan layi sai ka tambayi Yaya."

Na huda masa, ya ɗauki bututunsa ya nufi gonar Yaya. Na rufe shago na bi bayansa, duk da aikin gyara ne ke shirin raguwa a hannuna in injuna suka koyi hutawa. Oho! Na tarar da shi tsugune a kan kunya, ido cikin bututu, Yaya na tsaye a kansa tana nuna masa da sanda. Daɗi ya cika ni har ƙwalla.

Wani baƙo mai sayen shinkafa ya taɓa ni ya ce, "Wace ce wannan matar?"

Na ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Yayata ce. Uwa ɗaya, uba ɗaya."