Shayin Abba da Dogon Kebul

Ta bidiyo za a yi mini intabiyun aikin ɗakin karatu, kuma sun faɗa tun farko cewa ba za su sake kiran wanda layinsa ya katse ba.

Duk satin Yaya ce take gwada ni da tambayoyi daga garin da take aure. Sai mun fara lafiya lau, can sai fuskarta ta daskare, baki a buɗe.

"Auta, kin sake zama hoton bango," in ji ta da layi ya dawo. "Haka za ki yi musu?"

Na kai kwamfuta bakin taga, na kashe akwatin intanet na kunna, har wayar Umma na roƙa aka kashe. Duk a banza.

Ana gobe intabiyu na bar ƙofa a buɗe saboda zafi. Ina cikin amsa tambaya na ji ƙugin na'urar ɗumama abinci daga kicin, Yaya ta daskare. Na'urar na yin shiru ta dawo. Sai ga Abba da sanɗa, ya ajiye mini shayi kamar kullum.

"Abba, yaushe ka haɗa shayin nan?"

"Tun ɗazu. Na tsaya bakin ƙofa ina sauraronki, sai ya huce."

"Don Allah sake ɗumama shi mu gani."

Ya sake, Yaya ta sake daskarewa. Akwatin intanet ɗinmu a kan firji yake, dab da na'urar.

Abba ya daɗe yana kallon kofin. "Ashe ni nake katse ki. Gobe ko kicin ba zan leƙa ba."

"Kai ɗin?" in ji Umma. "In hankalinka ya tashi hannunka ba ya zama. Ku dai nemi wata dabara."

Da la'asar ya dawo daga shago da kebul shuɗi, dogo. Ya durƙusa yana bi da shi gefen bango, ta bayan kujera, ta ƙarƙashin ƙofata, yana manne shi da salatef. Ni na soka shi a jikin kwamfuta.

Washegari matar da ke shugabantar intabiyun ta tambaye ni yadda zan jera littattafan yara. Na buɗe baki ke nan ƙugin ya taso daga kicin. Gabana ya faɗi. Na zuba mata ido.

Ta gyara gilashinta, ta gyaɗa kai. "Muna jin ki, ci gaba."

Na ci gaba.