Furannin Baba Issah

Raihanatu ta kai ƙosan bakinta ke nan sai ta lura da takardar da aka naɗe shi. Busasshen fure ne ruwan ɗorawa manne a jiki, mai ya jiƙa shi, a ƙasansa kuma rubutun ajami. Ta san hannun. Na maƙwabcinta ne, Baba Issah, wanda ke kwance kwana tara ba ya ko iya juyawa.

Mai ƙosan ta ce Faruq ne, ɗan tsohon, wanda ya iso daga Kumasi jiya, ya kawo mata kwali cike da littattafan uban. Wai yana share ɗaki saboda masu zuwa gaisuwa.

"Gaisuwar wa? Mutumin yana numfashi," in ji Raihanatu.

Ta kwashe abin da ya rage, huɗu cikin goma sha ɗaya, ta nufi gidan ranta na tafasa.

Shekara talatin Baba Issah yana tuƙa motar kaya daga Bawku zuwa Nakpanduri. A wani hawan dutse a hanyar motarsa ta taɓa mutuwa, yana jiran makanike ya ga bishiyar kariya ta fito daga tsagar dutse, ba ganye ko ɗaya, sai jan fure. Tun daga ranar duk furen da ya gani a duwatsun sai ya tambayi manoma da makiyaya sunansa, da Kusasanci ko Mosanci ko Fulatanci, ya busar, ya manna a littafi, ya rubuta. 'Yan zango suna masa dariya. Raihanatu ce kaɗai ke zama ya nuna mata.

Ta tarar da Faruq a tsakar gida yana waya. Ya rufe wayar da tafin hannu ya ce ai ciyawa ce, Mma, tsutsa kawai take tarawa. Ta tambaye shi ko ya buɗe ko guda ɗaya kafin ya kwasa. Ta ce shekara shida bai leƙo ba, ya zo kwana ɗaya ya sa ana naɗe ƙosai da rayuwar ubansa. Ta wuce shi ta shiga ɗakin.

Tsohon ya riga ya ga gurbin kwalin. Bai tambaya ba. Ta durƙusa ta buɗe masa shafi guda kusa da fuskarsa.

"Baba, wannan fa?"

Ya daɗe yana kallo. "Rawaya. Bayan gobarar daji take fitowa, daga cikin toka." Ya nemi ta juya shafin. Albasar kwaɗi ce, ya faɗi rabin sunan, ita ta ƙarasa masa.

Ya cika kafin la'asar. Da maza suka ɗauke shi, waɗanda suka yi masa dariya suna gaba-gaba, Raihanatu ta ƙi shiga cikin mata. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakinsa, littattafan a cinyarta. A lungun da tsintsiya ba ta kai ba, tururuwa sun ja layi, kowace ɗauke da ɗan ɓallin fure, suna bin gindin bango.