Ɗakuna Uku a Hannun Hajiya Azara

Dramani bai fanshi ɗakunan ba. Mota ya saya, tsohuwar bas mai cin mutum goma sha huɗu, ranar Talata da hantsi, a wani gareji a unguwar Tudu. Da kuɗin sallamarsa ya biya, waɗanda kamfanin katako ya ba shi a watan Maris na 1986, bayan shekara goma sha tara yana awon kaya.

Gidan yana Nima, bayan babbar kwata, ɗaki shida ne. Uku daga ciki mahaifinsa ya jinginar wa Hajiya Azara mai goro kafin ya rasu. Kowa a unguwar ya san ƙa'idar: wanda ya ba da kuɗi shi ke zuba 'yan haya, shi ke karɓar haya, har ranar da aka mayar masa da abinsa. Shekara takwas Dramani yana gaisawa da baƙi a tsakar gidan ubansa. Kuɗin sallamar sun isa fansa, har da ɗan saura. Matarsa Sahadatu ta ce a kai wa Hajiya tun kafin su kwana biyu a gida.

Ishawu ne ya tsaya masa a rai. Tare suka taso a Maamobi. Lokacin da aka koro 'yan ƙasarsu daga Legas, da jaka ɗaya Ishawu ya sauka, Dramani ne ma ya saya masa takalmi. Yanzu yana da trotro biyu, wato bas-bas na haya, masu jigila tsakanin Nima da Tudu, kuma a masallaci, in aka tayar da maganar gyaran rufi, shi ake fara kallo. Dramani ya daɗe yana lura da wannan kallon.

Ranar Litinin ya sami Ishawu a tasha, ya tambayi farashin mota kamar wani ne ya aiko shi. Ishawu ya yi dariya.

"Yaya Dramani, in ni ne kai, gida zan fansa. Mota yau tana kan hanya, gobe tana kan bulo. Ni da kake gani, har yanzu a ɗakin haya nake kwana da yara biyar."

Dramani ya yi godiya. A hanyar gida ya juya maganar, ma'ana ɗaya ya samu a ciki: mutumin ba ya son ganin motarsa a layin.

Washegari ya biya. Bakanike ya buɗe injin, ya ce sai an yi masa aiki na mako biyu, da tayoyi biyu. Da la'asar Dramani ya tafi wurin Hajiya Azara roƙon ta ƙara masa shekara ɗaya. Ya tarar tana tsince goro, ba ta ɗago ba har ya gama. Ta ce bana za ta Makka, kuɗinta take so, kuma takardar da mahaifinsa ya sa wa hannu a gaban liman ta ba ta damar miƙa jinginar ga wani.

"Akwai mai so tun makon jiya," in ji ta. "Abokinka Ishawu. Ya ce kai ne mai haƙƙi, in ka fansa ya janye. Ya ce ma zai ja hankalinka. Bai yi ba?"

"'Yan haya zai zuba?"

"Shi da iyalinsa za su shiga. Ɗakin tsohonku ya fi so, mai taga biyu."

Ta ba shi wa'adi zuwa bayan sallar Juma'a ya kawo kuɗin. Da ya koma garejin, mai garejin ya ce ba ya mayar da kuɗi, amma zai duba ko da mai saye. Sahadatu har yanzu ba ta san da motar ba.